Idan an sami bambancin ganin wata, wane dare ne daren mara?

Ɗan Jibiya:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina zaune a Jibiya, amma yawancin dangina suna Maraɗi, kuma akan sami shekarar da mu za mu ɗauki azumi bisa sanarwar Sarkin Musulmi, su kuwa a Nijar sun riga mu da kwana ɗaya. Tun da an ce a nemi Lailatul Ƙadri a dararen mara na goman ƙarshe, daren da suke kira na 27 mu a wurinmu na 26 ne. Shin wani ɓangare ya yi asara ke nan? Allah ya saka da alheri.

Malamin Zaure:
Wa alaikumus salam. Wannan saɓani ya girme mu duka. Muslim ya ruwaito cewa Kuraibu ya ga watan Ramadan a Sham daren Juma'a, da ya iso Madina sai Ibn Abbas ya ce su daren Asabar suka gani, kuma da ganinsu za su yi aiki. Saboda haka kowa ya bi lissafin garinsu, babu laifi a kansa.

Amma akwai abin da ya fi wannan warware maka damuwa, wato ita kanta marar ana ƙirga ta ta fuska biyu. A hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce a neme shi sa'ad da ya rage saura tara, saura bakwai, saura biyar. Idan wata ya yi kwana 29, saura tara zai faɗa a daren 21, idan kuwa ya cika 30, sai ya faɗa a daren 22, alhali babu wanda ya san yadda watan zai ƙare sai an fita duba jinjirin Shawwal. Da wannan ne Ibn Taimiyya ya kafa hujja cewa a raya goman gaba ɗaya, kuma abin da Nana A'isha ta ba da labari ke nan, cewa idan goman ƙarshe ta shiga Manzon Allah yakan ɗaura ɗamara, ya raya darensa, ya tashi iyalinsa. Wanda ya yi haka, ko a Jibiya yake ko a Maraɗi, daren ba zai kuɓuce masa ba in sha Allahu.

Baban Sadiya:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, sai dai ina ganin kada a rage wa daren 27 matsayinsa, domin Ubayyu bin Ka'ab rantsuwa yake yi cewa shi ne, yana kafa hujja da fitowar rana washegari ba ta da ƙarfin haske. Abin da nake ƙi shi ne yadda masallaci kan cika har bakin titi a wannan dare, a shimfiɗa tabarmi a ƙasa saboda rashin wuri, sannan a daren 28 liman ya juya ya tarar da sahu biyu kacal.

Malamin Zaure:
Gaskiya ne, Baban Sadiya, shi ne daren da aka fi sa wa rai. Amma Abu Sa'id al-Khudri ya ga laka a goshin Manzon Allah da asubahin daren 21 bayan an yi ruwan sama, kamar yadda aka nuna masa a mafarki, shi ya sa malamai da yawa suka ce daren yana yawo ne daga shekara zuwa shekara.

Umman Yara:
Malam, ina so in ƙara wani abu saboda mu mata da kuma masu fita aiki da sassafe, waɗanda raya dare goma cur zai yi musu wuya. Imam Malik ya kawo maganar Sa'id bin Musayyib cewa wanda ya halarci sallar isha'i a daren ya sami rabonsa. Mai haila kuma ba a hana ta zikiri da sadaka da addu'ar da aka koya wa Nana A'isha ba, wato "Allahumma innaka afuwwun tuhibbul afwa fa'afu anni". Ni nakan raba sadakata kashi goma, kowane dare in fitar da kashi ɗaya bayan an sha ruwa, kafin aikin sahur ya sha kaina.