Wa ya tuna jiran na uku? Yabon The Return of the King ya riga fim ɗin isowa

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayar nan ta waɗanda suka yi wayo a 2003 ce. Yaran yanzu sukan sauke The Lord of the Rings duka uku a waya su cinye a wuni guda, mu kuwa shekara-shekara aka riƙa gutsuro mana: na farko Disamba 2001, na biyu Disamba 2002, na ƙarshe, wato The Return of the King (Dawowar Sarki), Disamba 2003. Abin da nake son ji shi ne abin da ya faru tsakanin ranar da masu sharhi suka fara kambama na ukun da ranar da ya shiga idonka. A ina ka ji yabon, a ina ka kalla, kuma yabon ya ƙara maka daɗin kallo ko ya rage? Don Allah wanda abin ya faru da shi, ban da "an ce".

Tsohon Ɗalibi:
Wa alaikumus salam. Ni a shagon intanet na yi nawa jiran. Lokacin ina jami'a a Zariya, kuɗin awa ya fi ƙarfin ɗalibi, sai mu yi karo-karo mu sayi na kwana, wanda ake rufe ƙofa da ku sai asuba. Ranar 1 ga Disamba aka fara haska fim ɗin a Wellington, babban birnin New Zealand, mutum wajen dubu ɗari suka cika titi. Hoton bikin yana buɗewa layi-layi daga sama, sai ka ga sumar Peter Jackson, daraktan fim ɗin, ka zauna jiran gemunsa ya fito.

Daga nan sharhi ya fara kwararowa. Tun kafin a sake shi ga jama'a ranar 17 ga wata, ƙungiyar masu sharhin fina-finai ta New York ta riga ta ba shi gwarzon fim na shekara. Wannan ya ɗaga mana hankali sosai, don mutanen nan ba su cika ganin fim ɗin dodanni da takubba da gashi a ka ba. Roger Ebert, shahararren mai sharhin fim na Amurka, ya ba shi tauraro uku da rabi cikin huɗu, bayan ya ba na farko da na biyu uku-uku. Mu kuwa muka zauna muna cika muna batsewa a kan rabin da ya riƙe, alhali ko minti ɗaya ba mu gani ba.

Muka buga sharhunan a takarda, suka yi ta yawo ɗaki-ɗaki har suka sha manja suka yi laushi. Sai dai kowane mai sharhi sai ya ɗan tsegunta wani abu. Kafin faifan ya iso na san za a buɗe da yadda Sméagol ya shaƙe Déagol a kan zoben, na san akwai ƙatuwar gizo-gizo a cikin kogo, na san akwai giwaye. Faifan da ya zo mana a Janairu irin wanda aka ɗauka da kyamara a cikin sinima ne, CD uku. Wurin gizo-gizon nan da kowa ke yabo, baƙi ƙirin muka gani, sai nishin Frodo, mai ɗauke da zoben, da tarin wani Bature da ke kusa da mai ɗaukar. Abin da na karanta da shi na cike gurbin abin da ban gani ba. Don haka a wurina sharhin ya yi rana.

Yaron Shago:
Ɗalibi ka tuna min baya. Ni lokacin ina tsaron shagon hayar kaset da CD na kawuna a Kano. Mu ba mu san wani Ebert ba, sharhinmu fuskar wanda ya dawo da faifai ce. Tun bayan ƙaramar sallah samari ke leƙowa: "Mai zobe na uku ya zo?" Wani ko sallama ba ya yi. Wani dillali ya hango kasuwa, ya kawo mana kaya da kwali mai kyau, ga sunan na uku ɓaro-ɓaro a jiki. Aka kai gida aka saka, ashe na biyu ne aka sake wa riga. Ranar da wuri kawu ya rufe shago, bayan ya gama mayar da kuɗin mutane.

Da na gasken ya zo sai matsalar tsawo ta taso, awa uku da minti ashirin da ɗaya. A gidan kallon unguwarmu in an saka bayan la'asar, magariba za ta riske ku ana tsakiyar yaƙi, a tsayar a tafi masallaci, a dawo, kafin a kai ƙarshe an kira isha. Ga man janareta. Sai mai gidan ya raba shi kwana biyu yana karɓar kuɗin ƙofa sau biyu, kuma ba wanda ya fasa zuwa. Masu kallon Indiya tsawon bai dame su ba, sun saba. Ƙorafinsu shi ne duk wannan doguwar tafiya babu rawa, kuma budurwar sarkin da ƙyar ake ganinta.

Uwar Biyu:
Ku yi haƙuri 'yan'uwa, ni Allah ya yi a sinima na gani, makon farko, ina karatu a Ingila. Da wuri muka yanki tikiti don an ce za su ƙare, kuma sun ƙare ɗin. A layin shiga akwai manyan mutane masu furfura da kunnen roba mai tsini.

Amma ni sharhi cutata ya yi. Kusan duk wanda na karanta, bayan ya gama yabo, sai ya ƙara da cewa fim ɗin ya ƙi ƙarewa, ana rufewa ana sake buɗewa. Da zoben ya faɗa wuta, maimakon in bar zuciyata ta bi labarin, sai na kama ƙirga. Allo ya dushe, ɗaya. Wani a gabana ya miƙe ya ɗauki rigar sanyinsa, hoto ya dawo, ya koma ya zauna. Aka naɗa sarki, aka koma gida, aka yi aure, aka tafi bakin teku. Matar da ke kusa da ni tana sharɓar kuka, ni ina lissafi. Sai da na sake kallonsa ni kaɗai daga baya na gane waɗannan mintunan bankwana ne da mutanen da muka yi shekara biyu muna bi.

Wurin da ya kama ni ban shirya masa ba shi ne kunna wutar neman agaji, daga kan wannan tsauni zuwa wancan, kiɗan Howard Shore na hawa. Ba faɗa, ba magana. Tsikar jikina ta tashi.

Tsohon Ɗalibi:
Anti, mu a faifanmu wurin nan wasu jajayen ɗigo-ɗigo muka gani, wani ya ce ko faifan ne ya karce.

Malamin Adabi:
Bari mu da muka riga muka karanta littafin Tolkien, wanda daga shi aka ɗauko fim ɗin, mu sa baki. Jiranmu ya bambanta da naku, mun san yadda za a ƙare, fargabarmu me za a yanke. Tun a Nuwamba labari ya fito cewa an cire mugun matsafin nan Saruman gaba ɗaya daga na sinima. Christopher Lee, wanda ya fito a matsayinsa, mutum ne da ke sake karanta littafin duk shekara, kuma ya taɓa haɗuwa da Tolkien ido da ido. Ransa ya ɓaci, bai je bikin Wellington ba, masoya suka yi ta tattara sa hannu a intanet a mayar da wurin. Ba a mayar ba sai a dogon bugun DVD na Disamba 2004, mai awa huɗu da 'yan mintuna. Masu sharhin da ba su san littafin ba abin bai yi musu zafi ba, mu kuwa mugun da ya cika fim biyu ya ɓace da jimla ɗaya.

Wanda ya fi ci min rai shi ne babin da su Frodo suka koma gida suka tarar an lalata ƙasarsu, an sare itatuwa, 'yan daba na mulki, sai da suka tayar da jama'a suka kore su. Wannan ko ɗaukarsa a matsayin ɓangaren labarin ba a yi ba. A ganina nan ne Tolkien, wanda ya ga Yaƙin Duniya na Ɗaya da idonsa, ya ajiye maganarsa mafi nauyi.

Kuma kada mu ɗauka mu muka fara wannan jira. Littafi na biyu ya fito Nuwamba 1954, ya tsaya daidai inda maƙiya suka tafi da Frodo da ransa, abokin tafiyarsa Sam na waje an rufe ƙofa. Na uku bai fito ba sai 20 ga Oktoba 1955, saboda marubucin na fama da ratayen tarihi da harsuna na ƙarshen littafin, masu karatu na ta aika wa maɗaba'a wasiƙu. Da ya fito masu sharhi suka rabu: W. H. Auden ya yaba a New York Times, Edmund Wilson ya yi masa kaca-kaca a mujallar The Nation, yana ganin shirmen yara ne. Shi kansa Tolkien sunan littafin bai kwanta masa ba, don ya riga ya tona cewa sarkin zai dawo.

Ɗan Autan Zaure:
Allah ya gafarta Malam, ni yaro ne a cikinku, a bayan yayyena na raɓe na kalla. Amma ina da ja. Yabon ya yi yawa. Mahaya dawakin Rohan sun zo sun ba da rayukansu, sarkinsu ya mutu, sai ga wasu koren fatalwowi sun sauko daga jirgi sun share filin cikin minti biyu. To da an jira su mana, a huta da asarar dawaki!

Malamin Adabi:
Ɗan auta, jan naka na kan hanya. A littafin fatalwowin ba su zo filin ba sam. Sun taimaka an ƙwace jiragen ruwa can kudu, Aragorn, wanda zai zama sarki, ya sallame su, ya iso da mutane masu rai waɗanda takobi ke ci.

Uwar Biyu:
Malam a nan na yarda da kai, amma batun babin komawa gida ban bi ka ba. Mutanen da suka miƙe suna neman rigar sanyi, ka ce a buɗe musu sabon yaƙi?

Ba'adare a Yamai:
Na makara amma ga nawa. Mu fassarar Faransanci muke samu, kuma ni na ƙi taɓa na kyamara duk da tayin da aka yi min, na ce sai mai kyau. Kafin ya zo an riga an yi bikin Oscar na 29 ga Fabrairu 2004. A rediyo na ji: kyauta 11 cikin 11 da aka sa shi takara, ya kamo Ben-Hur da Titanic a yawan kyauta, kuma shi ne fim na biyu da ya haura dala biliyan ɗaya bayan Titanic. Da wannan kaya a kai na zauna kallo da damina. Minti talatin na farko ina ta cewa a raina, wannan ne? Sai da aka zo inda Denethor, mai riƙon sarautar birnin da ake yaƙi a kai, ke cin abinci, ruwan tumatir na bin haɓarsa, Pippin abokin Frodo na rera masa waƙa, ɗan Denethor ɗin kuma na can ya tunkari kibau da dawakai, sannan na daina auna shi da kyaututtukan.

Abin da har yau ban haɗiye ba: cikin sha ɗayan nan babu ko ɗaya ta ɗan wasa, ko takara ba a sa su ba. Sean Astin da ya fito a Sam, ya ɗauki Frodo a baya ya hau dutsen fa?

Yaron Shago:
Ba'adare, a gidan kallonmu an ba shi tasa. Da ya saɓa Frodo a kafaɗa sai da benci ya karye don tsalle, kuma har na bar unguwar akwai wani mai turin kura da ba a kiransa da komai sai Sam.