Android ko iPhone, wanne ya fi jin magana a tuƙi?

Salam 'yan uwa, dan Allah a taimaka min, waya zan canza amma na rasa wacce zan ɗauka. Matsalata taswira ce, so nake ina tuƙi in faɗi inda za ni kawai ta kama hanya ba sai na saki sitiyari ina latse-latse ba. Na san Siri Apple Maps take buɗewa sai in ka ambaci Google Maps da bakinka, to shin a haka za ka iya cewa ta biya da kai gidan mai a tsakiyar tafiya kamar a Android? Motar tawa tsohuwa ce, bulutut kawai gare ta, ba CarPlay ba Android Auto, ga gilas a sauke iska na bugawa. Kuma in netwok ya ɗauke fa, wacce ke ci gaba da ji?