Wa ya taɓa hawa duwatsun Rumsiki?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum 'yan'uwa. Mu huɗu ne muke shirin zuwa Rumsiki, ƙauyen nan na arewacin Kamaru, hawan dutse. Wanda ya taɓa taka wurin ya ba mu labari don Allah, mun gaji da kallon hoto.

Mai babur, Mokolo: Wa alaikumus salam. Na sha kai baƙi. Daga Mokolo wajen kilomita 55 ne, ta Mogode, hanyar duk tsakuwa da ramuka, kafin ka isa ƙugunka ya gaya maka. Ku riƙe katin shaida saboda shingen jandarma, don Najeriya tana nan kusa, bai wuce kilomita 3 ba. Tun da aka sace Faransawan nan a wajen Waza a 2013 Turawa suka ɗauke ƙafa, don haka ku tambayi halin hanya kafin ku taso.

Malamin makaranta: Ɗan'uwa, wane dutsen kake nufi? Dogon nan mai tsini da kake gani a hoto, mita 1,224 yake sama da teku, kuma daskararren cikin tsohon dutse mai aman wuta ne, gefensa a miƙe kamar bango. In ba igiya da gwani, kada ka soma. Ni ƙaramin tudu na hau da silifas, da ganganci na. Hawa lafiya lau. A saukowa tsakuwa ta zame, na taho da mazaunai, wandona ya yage gida biyu. Wani yaro Bakapsiki, ɗan ƙabilar wurin, da ke kiwon awaki ya tsaya yana kallona, ko dariya bai yi ba, sai ya nuna mini wata 'yar hanya da sanda.

Hajiya ta Marwa: Mu a Janairu muka je, hazo ya rufe komai, duwatsun sai inuwa. Ku je ƙarshen damina, kwarin yana kore shar. Ban hau ko'ina ba, na tsaya wurin masaƙa da masu ginin tukwane. Aka ce mu leƙa wurin bokan da ke duba da ƙaguwa, na ce a'uzu billahi, 'yan rakiyata dai sun je.

Ɗan Garwa: Allah ya saka. Malam, ɗan jagora fa, a nan garin ake samu?

Malamin makaranta: Kafin ka sauka daga babur za su kewaye ka. Ku yi ciniki tukuna, da Fillanci in kana ji.