Tambaya: mece ce "bitter", kuma me ya sa tsofaffin Burton ba sa gajiya da zancenta?

Baƙon Burton

Assalamu alaikum jama'a. Wata bakwai ke nan da na fara aiki a wani gidan kula da tsofaffi a garin Burton upon Trent, a tsakiyar Ingila. Ranar da na sauka daga jirgin ƙasa, abin da ya fara tarbata shi ne wani ƙamshi kamar na dafaffen tsiro, kai ka ce ana dama kunun biki a bayan tasha. Daga baya na gane daga kamfanonin giya yake fitowa, kuma garin gaba ɗaya a kan wannan sana'a ya ginu. Ko ƙungiyar ƙwallonsu, Burton Albion, laƙabinta masu dafa giya.

Bari in faɗa tun da wuri: ni Musulmi ne, ban taɓa sha ba, kuma ba zan sha ba. Abin da ya kawo ni shi ne wani dattijo da nake kula da shi, ya haura tamanin, mantuwa ta fara cin ƙarfinsa. Sunayen jikokinsa sukan ɓace masa, amma da an ambaci "bitter" sai ya gyara zama. A saman gadonsa akwai wani tsohon faranti mai jan alwatika a tsakiya, ba ya yarda a taɓa shi ko da sunan gogewa. Rannan ɗansa ya kawo masa giyar gwangwani, ya ture ta gefe ya ce wannan matacciya ce. Ban fahimce shi ba. Ina so in san abin da zan riƙa ce masa lokacin da nake ba shi abinci, don sai ana hira yake buɗe baki ya ci. Wanda ya sani don Allah ya taimaka.

'Yar Kimiyyar Abinci

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya saka maka da wannan kulawa. Ni ma ba na sha, amma karatuna ya bi ta kan wannan fanni.

"Bitter" ma'anarta mai ɗaci. Giyar sha'ir ce mai launin jan ƙarfe, barasar da ke cikinta ba ta cika wuce kashi 4 ko 4.5 cikin 100 ba. Ɗacin daga furen wani tsiro mai yaɗo yake zuwa, sunansa hops, wanda ake zubawa lokacin tafasa. Masu saye ne suka laƙaba mata sunan a ƙarni na 19, don su bambanta ta da wata mai zaƙi-zaƙi da ake kira "mild".

Sirrin Burton kuwa yana ƙarƙashin ƙafarka. Ba ruwan kogin Trent suke ɗiba ba, rijiyoyi suke haƙawa, kuma ruwan ya ratsa ta dutsen jifsam, wanda ake yin farin garin silin na POP da shi. Wannan sinadari yana sa giyar ta fito garau, ɗacinta ya tsaya tsaf ba tare da ya yi nauyi ba, kuma ta jure doguwar tafiya. Shi ya sa a ƙarni na 19 ake loda ta a jirgin ruwa har Indiya. Har yau masu wannan sana'a a wasu ƙasashe suna zuba jifsam a ruwansu don ya yi kama da na Burton. Akwai kuma ɗan warin farar wuta da ke tashi daga kofi, kamar an ƙyasta ashana. Baƙo zai ɗauka lalacewa ta yi, ɗan gari kuwa shi yake nema.

Jan alwatikan da ka gani tambarin kamfanin giya na Bass ne. William Bass, wanda asalinsa ɗan dako ne mai keken doki, ya kafa kamfanin a 1777. Jirgin ƙasa ya iso garin a 1839, daga nan kasuwa ta buɗe, har a shekarun 1870 Bass ya zama kamfanin giya mafi girma a duniya. Ranar 1 ga Janairun 1876 aka yi wa alwatikan rajista, shi ne tambarin kasuwanci mai lamba ɗaya a Birtaniya. In ka je Landan ta tashar St Pancras, ka duba ginshiƙan ƙarfen da ke ƙasa inda shaguna suke yanzu. Da faɗin gangunan Burton aka auna tazararsu, don can ne ma'ajiyar giyar a da.

Ɗan Tudun Wadan Jos

Ɗan'uwa, ni Kirista ne, na kuma sha ta sau da dama tun zuwana nan, don haka bari in amsa maka batun "matacciya". Dattijonka gaskiya ya faɗa. Ta gwangwani an tace ta, yawanci an kashe yis ɗin da zafi, sannan an hura mata iska. Ta ganga kuwa da ranta ake kawo ta mashaya, tana ci gaba da nuna a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Mai gidan zai kwantar da gangar, ya huda ta, ya jira ta lafa, sannan a riƙa zuƙo ta da famfon hannu. Da an buɗe, kwana uku ne ko makamancin haka, sai ta yi tsami. Wanda ya tashi inda ake dafa burukutu ba sai an yi masa dogon bayani ba: ita ma tana motsi a ƙwarya ake sha, in ta kwana biyu ta tashi daga aiki.

Karon farko ban ji daɗinta ba. Ba ta da sanyin firji, sanyinta na ruwan randa ne, digiri 11 zuwa 13, kuma ba ta da kumfar nan mai yaƙushin maƙogwaro. Sai a hankali na fara jin ɗanɗanon gasasshen hatsi a farko, ɗacin ya biyo baya ya daɗe a harshe. Ba a yi ta don a bugu da wuri ba. Mutum zai riƙe kofi ɗaya kusan awa guda yana hira. A shekarun 1960 manyan kamfanoni sun so su maye gurbinta da mai iska, mashayanta suka ƙi, suka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971 don kare ta.

Hajiya Uwar Biyu

Ɗana, na ji niyyarka kuma mai kyau ce. Amma ka kula, kada hira ta kai ka ga ɗauka ko miƙawa. Ka gaya wa shugabar aikinku tun yanzu cewa in za a ba shi, wani ya ba shi. Nawa wurin aikin sun fahimta ba tare da wata gardama ba. Hira da tsoho kam lada ce, ka ci gaba.

'Yar Kimiyyar Abinci

Na manta abu ɗaya, kuma ina ganin shi ne zai fi taɓa shi. Ka tambaye shi "union". Wata dabara ce ta Burton: a jera manyan gangunan katako a kwance, kowace da bututu mai lanƙwasa kamar wuyan agwagwa. Idan giya tana tashi, kumfar yis za ta haura ta bututun ta zuba a wani dogon kwami da ke sama, ruwan ya gangaro ya koma ganga, yis ɗin ya tsaya a ɗebe shi. Daga irin ragowar yis ɗin garin ne aka fara yin Marmite a 1902, baƙin abin nan da suke shafa wa burodi. Bass ya bar wannan dabara a farkon shekarun 1980. Wani kamfanin giya na garin, Marston's, ya riƙe ta don giyarsa Pedigree har zuwa 2024, sannan shi ma ya daina. Shi kansa Bass an sayar da ɓangaren giyarsa a 2000, kuma ta gangar da ke ɗauke da sunansa a Marston's ake dafa ta tun 2005.

Baƙon Burton

Na gode ƙwarai jama'a. Hajiya, na yi magana da shugabarmu jiya, ta ce babu damuwa.

Yau da rana na kai masa dankali da kifi, na zauna na ce, "Baba, ka san union?" Ya dube ni ya daɗe. Sai ya ajiye cokali, ya lanƙwasa hannunsa na dama kamar wuyan agwagwa, yana nuna mini yadda kumfa ke ɗiga. Ashe aikinsa ke nan tun yana saurayi, wanke gangunan da bututan da ruwan zafi. Ya ce da sanyin hunturu hannu har tsagewa yake yi, kuma da kunne suke gane gangar da ta gama tashi, don sautin ɗigar yakan canja. Ya ambaci sunayen abokan aikinsa huɗu a jere, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Muna cikin haka ya cinye abincin tas.

Ban gaya masa an daina amfani da su a garin ba. Ya ce in na samu hutu in je rukunin shagunan Coopers Square in ga mutum-mutumin mai ƙera ganga, in duba yadda ya riƙe guduma, in dawo in faɗa masa ko daidai ne. Ranar Asabar zan je in sha Allah.