Muhawara: Ostiriya ta hana koya wa kare cizo, ko ƙungiyoyin karnuka su bi sahu?

Mai Tambaya: Jama'a, tun watan Afrilun 2025 Ostiriya ta haramta wa fararen hula koya wa kare cizon mutum, ko da sunan wasa ne, 'yan sanda da soja aka bari. Dokar ta biyo bayan matar da kare ya kashe tana gudun motsa jiki a Naarn a Oktoban 2023. Ƙungiyar masu karnuka ta ƙasar, ÖKV, ta ƙi amincewa. Ni dai a ganina gwamnati ta yi daidai: karen da aka koya wa kama hannun mutum ya zama makami, ya kamata FCI, ƙungiyar karnuka ta duniya, ta cire sashen cizo daga IGP, wato gasar gwada karnukan aiki, gaba ɗaya.

Mai Horo: Malam, a fara duba abin da ake yi a filin. IGP kashi uku ne, kowanne maki 100, kuma sai an ci 70 a kowanne: bin sawu, biyayya, sannan kariya. Kare ba ya shiga matakin farko sai ya kai wata 18, kuma sai ya riga ya ci jarrabawar BH, inda ake fitar da shi titi cikin mutane da masu keke da wasu karnuka a ga halinsa. A sashen kariya akwai maɓoya shida. Idan ya gano mai ɗaukar cizon da ya ɓuya a ta ƙarshe, ba cizo zai yi ba, zai tsaya gabansa yana haushi kamar daƙiƙa 20 ba tare da ya taɓa shi ba. Ya taɓa, an rage maki. Sai mutumin ya gudu ko ya kawo hari zai kama, kuma a wuri ɗaya tak: hannu mai kaurin nan da aka lulluɓe da algarara. Ya ciji wani wuri, an kore shi. An ce ya saki har sau uku bai saki ba, an kore shi, duk makin da ya tara ya tafi.

Likitar Dabbobi: Duk wannan gaskiya ne, Malam, amma ka kawo mana karen da ya gama makaranta. Ina waɗanda suka tsaya a hanya? Tsarin horon kansa shi ne matsalar. Ana fara ɗan kwikwiyo da tsumma, a koma matashin cizo (wani ɗan filo), a koma hannu mai laushi, sannan mai tauri, duk ana zuga masa son kamu. Sakin, wanda shi ne birki, yawanci daga baya ake ɗaure shi da kyau. Mai karen da ya gaji a wata na takwas ya daina zuwa, ya tafi gida da kare mai son kamu da ba ya jin "saki". Alƙalin gasa ba zai taɓa ganin wannan karen ba, maƙwabta ne za su gan shi.

Tsohon Alƙali: Hajiya ta taɓo wurin da ke ciwo. Sai dai a tuna dalilin kafa abin. Max von Stephanitz ya kafa SV, ƙungiyar masu karnukan German Shepherd, a Jamus a 1899, aka ƙirƙiro gwajin don a san wane kare ya cancanci a bar shi ya yi iri. Alƙali yana duban yadda kare ya kama: mai natsuwa yana cika baki har turamen haƙora, ya riƙe shiru. Matsoraci da fiƙa yake kamawa a gefen hannun, yana tauna yana gurnani, idonsa na neman hanyar gudu. Wannan na biyun shi ne ke cizon yaro a bakin ƙofa idan ya firgita. Ka cire gwajin, ka rasa matacin da ke hana irinsa yaɗuwa, sai a koma zaɓen kare da kyan gashi da tafiya.

Mai Tambaya: Ranka ya daɗe, sai da cizo ake gane tsoro? Ai a sashen biyayya ana harba bindiga sau biyu a ga ko zai razana. Kuma ita SV ɗin tana karɓar jarrabawar kiwon tumaki a madadin IGP wajen ba da izinin iri.

Tsohon Alƙali: Tana karɓa, amma masu garken da za su horar da kare nawa suka rage? Ƙarar bindiga kuma daga nesa take zuwa. Mutum ya taso maka gadan-gadan yana ihu, wannan matsi ne daban.

Likitar Dabbobi: To ai su kansu masu gasar sun ja da baya, Baba. An daina dukan kare da sandar nan mai laushi, yanzu barazana kawai ake yi da ita. Jamus ta hana abin wuya mai ƙayoyi wajen horo tun 2022. Kowane gyara sai da aka ce zai kashe wasan, ga shi bai mutu ba.

Mai Horo: Ina tare da ke a kan sanda. Inda na rabu da dokar Ostiriya shi ne ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Karen gasa hannun algarara yake nema. Mutumin ya zare shi ya jefar, yawanci karen zai ɗauka ya yi ta zagaye da shi yana kaɗa wutsiya. Karen gadi kuwa ana ɓoye kariyar ƙarƙashin riga, ko a sa masa takunkumi ya riƙa kai hari, don ya koyi cewa mutumin ne abin kamawa. Wannan na biyun ba a filin ƙungiya ake yinsa ba, kuma shi haramci bai iya gani.

Likitar Dabbobi: "Yawanci" ka ce, Malam. Kuma duk ya rataya ne a kan mai ɗaukar cizon. Ya matsa wa kwikwiyo kafin ya kai, ya koya masa cizon tsoro. Ya kafe ƙafa bai juya da karen ba lokacin da ya zo a guje, ya karya masa fiƙa ko ya taɓa masa wuya. Idan ana so in goyi bayan wasan, kada kowa ya sanya hannun algarara sai mai lasisin da ake sabuntawa, kuma kada kare ya hau hannu mai tauri sai yana saki da umarni ɗaya a kan matashin cizo.

Mai Horo: Sharaɗi na biyun na yarda. Na farkon kuma, wa zai ba da lasisin, gwamnati ko ƙungiyar?

Likitar Dabbobi: Ba dai ƙungiyar da ke karɓar kuɗin rajistar 'yan kwikwiyon ba.