Ina ƙudurorin Majalisar Ɗinkin Duniya kan Falasɗinu suke maƙalewa?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Gardama ce ta ƙi ƙarewa a majalisun Agege da Idi-Araba bayan sallar isha'i. Ƙasashe sama da 140 sun amince da Falasɗinu a matsayin ƙasa, Najeriya ma tun 1988, amma har yau ba ta zama cikakkiyar mamba a Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Masana, a ina abin yake tsayawa? Amurka ce kaɗai, ko da wasu hannaye a ciki?

Malamin Obalende: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙofa biyu ce. Kafin Babban Zaure ya karɓi sabuwar mamba da kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, sai Kwamitin Sulhu ya miƙa masa sunanta. Kwamitin kujeru 15 ne, ana neman ƙuri'a 9, kuma kada ko ɗaya daga cikin ƙasashe biyar masu kujerar dindindin ta hau kujerar na ƙi. Ranar 18 ga Afrilun 2024 ƙasashe 12 suka ce e, Birtaniya da Suwizalan suka ƙaurace, Amurka ta ce a'a, magana ta mutu a nan. Abin da Babban Zaure ya iya yi da kansa shi ne na 2012, da ya ba Falasɗinu matsayin ƙasa 'yar kallo da ƙuri'a 138.

Kuma ko ƙuduri ya wuce, sai a duba ko da hukunci a bayansa. Ƙudurin Kwamitin Sulhu na 2334 na Disambar 2016 ya ce gina matsugunan Isra'ila a Gaɓar Yamma ya saɓa wa dokar duniya. Ƙuri'a 14 ya samu, Amurka ta ƙaurace. Amma ba a ɗaura masa takunkumi ko ɗaya ba, shi ya sa gini bai tsaya ba.

Hajiyar Idi-Araba: Malam ya yi bayani, amma kada mu ɗora wa Amurka kayan duka mu manta namu. Ranar 30 ga Disambar 2014 Jordan ta kawo wa Kwamitin Sulhu ƙudurin sa wa'adin ƙare mamayar Isra'ila a yankunan Falasɗinawa. Ƙuri'a 8 ya samu, saura ɗaya tal. Najeriya na cikin kwamitin a lokacin, zamanin Jonathan, kuma tana cikin biyar ɗin da suka ƙaurace. Gaskiya ne ko da ta tara ta samu Amurka za ta taka shi, amma da sai ta taka shi a bainar jama'a. Wannan abu yana min ciwo har gobe, don ya nuna matsin lamba ba a zauren New York ake yinsa ba, a waya ake gama shi da shugabannin ƙasashe kafin a zauna.

Baban Mile 12: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ni kuma na ce a bi sawun kuɗi. Yarjejeniyar da gwamnatin Obama ta sa wa hannu a 2016 ta ba Isra'ila dala biliyan 38 cikin shekara goma, wato biliyan 3.8 duk shekara, miliyan 500 daga ciki na kariya daga makamai masu linzami ne. A ɗaya ɓangaren, tun yarjejeniyar Faris ta 1994 Isra'ila ce ke karɓar kuɗin fito a madadin Hukumar Falasɗinawa, sannan ta miƙa mata. Daga nan mafi yawan kuɗin shigar hukumar yake fitowa, don haka duk ranar da aka riƙe shi, albashin malaman makaranta da ma'aikatan asibiti a Ramallah ne ke yankewa. Ga kuma Yankin C, kusan kashi 60 na Gaɓar Yamma, yana hannun Isra'ila kacokan tun rabon 1995 da aka ce na wucin gadi ne.

Malamin Obalende: Haka ne, Baba. A ƙara da rabuwar gida: tun 2007 Hamas ta karɓe Gaza, Fatah, jam'iyyar da ke riƙe da Hukumar Falasɗinawa, ta tsaya a Ramallah, Iran na mara wa Hamas baya, ofishin siyasar Hamas ɗin kuma na Doha. Sannan tayin Larabawa na 2002 ya ce babu hulɗa da Isra'ila sai ta janye daga yankunan da ta kama a 1967. A 2020 Daular Larabawa da Bahrain da Maroko suka ƙulla hulɗar ba tare da wannan sharaɗin ya cika ba.