Taƙaitawa: kare alkama daga tsatsa ba tare da feshin sinadari ba

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar tattaunawarmu kan tsatsa, cutar nan da ke fito wa alkama da jan gari a ganye da kara.

1. Baki ya zo ɗaya a kan iri. A nemi mai jure tsatsa, irin waɗanda Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ke fitarwa. Amma an ja kunne, cutar tana sauya kama. Wani nau'in tsatsa mai suna Ug99 da ta ɓulla a Yuganda ta kayar da ire-iren da aka daɗe ana dogaro da su.

2. Trichoderma da Bacillus subtilis, ƙananan halittu masu yaƙar cututtukan shuka: a cuɗa iri da su kafin shuka, amma sun fi tasiri kan ruɓewar saiwa fiye da tsatsa. Halittu ne masu rai fa. In mai shago ya bar su cikin rana sun mutu, kuɗinka ya bi ruwa.

3. Kada alkama ta bi masara kai tsaye, domin Fusarium, wata cutar alkama daban da tsatsa, na kwana a cikin karan masara.

4. A shuka tsakiyar Nuwamba, kada a cika yuriya.

Inda aka rabu shi ne ruwan ganyen darbejiya. Wasu har rantsuwa suke yana maganin tsatsa, wasu sun ce ƙwari kawai yake kora. Ni ina bayan na biyun, domin in jan garin nan ya fara shafar riga a gona, darbejiya ba ta tsayar da shi.